Lauje A Cikin Jini: Tarihin Binciken Farfesa Alan Fleming A Garki Da Zariya

Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa a Jahun ko Aujara ko Harbo, ko ma cikin birnin Dutse, wadda ba a san gidan da ke da mai amosanin jini ba. Kowa ya san alamominsa. Yaro yakan tashi lafiya lau har ya kai wata shida, sa'an nan yatsun hannu da na ƙafa su fara kumbura, idanu su yi ruwan ɗorawa, saifa ta girma. In hunturu ya kama ko damina ta yi tsakiya, sai ciwon ƙashi ya hana shi barci, ya hana uwarsa. A zamanin da, in mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a ce wabi take yi, a raɗa wa na baya suna Ajuji ko Barmani ko da zai zauna. Cututtukan da ke kashe yara suna da yawa, amma babu shakka wasu daga cikin 'yan wabin nan wannan ciwo ne ya ɗauke su tun ba a san sunansa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan bincike da duniya ke kafa hujja da su game da wannan ciwo, a nan maƙwabtanmu aka yi shi, wato a gundumar Garki, da jinin talakawan ƙauyukanta. Wanda ya jagoranci ɓangaren jini na binciken shi ne Farfesa Alan Fleming, wani likita ɗan Birtaniya da ya shugabanci sashen ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun aikinsa, a nuna inda ya tarar da ilmin, da abin da ya ƙara, da kuma abin da ya bar mana. Amma kafin nan, dole mai karatu ya san ita kanta ƙwayar jinin da ake magana a kanta.

Jar Ƙwayar Jini

In aka ɗiga jini a kan gilashi aka duba da madubin likita, za a ga ba ruwa ne zalla ba. Cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi jajaye masu kama da faifai, kowace ta loɓa a tsakiya ta fuska biyu. Don ƙanƙantarsu, sai an jera kimanin 130 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. A cikin ɓargo ake ƙera su, kowace kuma takan yi kwana 120 tana zagaya jiki kafin saifa ta tsince ta. Aikinsu shi ne dakon iskar oksijin daga huhu zuwa kowane lungu na jiki.

Kowace ƙwaya tamkar salka ce da ba a cika ta taf ba, saboda haka tana iya lanƙwashewa ta kutsa cikin 'yan siraran jijiyoyin da suka fi ta ƙunci, in ta fita ta koma siffarta. Abin da ke cikin salkar wani sinadari ne mai suna himogulobin, shi ne ke ba jini launinsa, shi ne kuma ke riƙe iskar. A cikin ƙwaya ɗaya tak akwai kimanin miliyan 270 na wannan sinadari. Kowane ɗaya an gina shi da sili huɗu kamar na jigida, biyu ana kiran su alfa, biyu ana kiran su beta, kowane sili kuma yana rungume da ɗan ƙarfe guda wanda iskar ke maƙalewa a jikinsa. Duwatsun wannan jigida su ne ake kira amino asid. Silin alfa yana da 141, na beta yana da 146. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na ƙarshe, domin duk labarin amosanin jini a kan dutse ɗaya ya rataya daga cikin 146 ɗin nan.

Yadda Aka Gano Laujen

Mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kaka da kakanni. Likitan nan na Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalarsa a cikin wani dangi na Krobo har zuwa shekarar 1670. Amma a littattafan likitancin Turawa, sai a 1910 ya shiga, lokacin da James Herrick na birnin Shikago ya ba da labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girinada, wanda aka ga jajayen ƙwayoyinsa sun miƙe sun tanƙware kamar lauje. Daga wannan kamance ne ciwon ya samo sunansa na Turanci, wanda mu kuma muka ara muka mai da shi sikila. A 1927 Hahn da Gillespie suka nuna cewa ƙwayar ba ta tanƙwarewa sai ta sauke iskar da ta ɗauko.

A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka sa himogulobin na mai lafiya da na mai ciwo cikin ruwa, suka saki lantarki, sai suka ga gudunsu ya bambanta. Wannan tseren lantarki ya tabbatar da cewa aibin a jikin sinadarin yake. Shi ne kuma tushen gwajin da ake yi a asibitocinmu har yau, inda ake ce wa mutum shi AA ne ko AS ko SS. A shekarar ce kuma James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kowa da nasa binciken, suka bayyana yadda ake gadonsa: wanda ya gaji S daga mahaifi ɗaya, lafiyarsa ƙalau, ɗauke da shi kawai yake, wanda ya gada ta wajen uwa da uba duka, shi ne mai ciwo.

Daga 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya daddatsa silin ya gano ainihin inda gizo ke saƙa. Dutse na shida a silin beta ne aka musanya. A maimakon gulutamik asid, wanda ke shiri da ruwa kuma yake ɗauke da cajin lantarki, sai aka sami balin, wanda ba shi da caji, kuma gudun ruwa yake kamar mai. A wannan ɗakin bincike ne Max Perutz ya shafe fiye da shekara ashirin kafin ya fito da siffar himogulobin, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1962.

To, ga abin da ke faruwa. Da zarar himogulobin S ya sauke iska, sai balin ɗin nan ya nemi wurin ɓuya daga ruwa, ya cusa kansa cikin wani ɗan gurbi a jikin maƙwabcinsa. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zarurruka, sha huɗu-sha huɗu suna murɗewa kamar igiyar rama. Ka ɗauki salka ka cusa mata kara, ai ka san ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Haka ƙwayar ke sandarewa ta toshe jijiya, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo ya tashi. Ga shi kuma ba ta yin kwana 120, daga 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa mai ciwon kullum cikin ƙarancin jini yake.

Tambayar Da Ta Rage

Duk wannan ilmi a ɗakunan bincike na Turai da Amurka aka same shi, ya kuma bar wata tambaya da ba a iya amsa ta a can. In har masu SS suna mutuwa tun ba su yi aure sun haihu ba, to kowane zamani ana binne wani kaso na wannan gado tare da su. Me ya hana shi ƙarewa? Me ya sa a wasu sassan Afirka mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi?

Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya kawo amsa a 1954. Ya lura cewa S ya fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, kamar bakin teku da gaɓar tafkin Biktoriya, ya kuma yi ƙaranci a kan tsaunuka inda sauro bai samun sakewa. Sai ya ce lalle mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin. A 1970 Lucio Luzzatto da abokan aikinsa a Ibadan suka nuna wata hanya da kariyar ke bi: in ƙwayar cutar zazzaɓi ta shiga jar ƙwayar mai AS, sai ƙwayar jinin ta yi saurin tanƙwarewa, saifa kuwa ta tsince ta har da baƙon da ke ciki.

Hujja ta yi kyau, amma akwai giɓi. Yawancin alƙaluman daga asibitoci aka samo su, alhali kuwa yaron ƙauye da ya rasu yana da shekara biyu bai taɓa ganin asibiti ba, balle a rubuta shi. Ana bukatar wanda zai je inda mutane suke, ya gwada jarirai da yara da manya na al'umma guda, ya ga yadda adadin ke sauyawa daga haihuwa zuwa girma.

Zuwan Fleming

Alan Fleming ya fara aiki a Nijeriya a shekarun 1960, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne ƙarancin jinin mata masu juna biyu, wanda a lokacin yake kashe mata da yawa. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyi, ɓargo ya shiga aikin gaggawa don ya mai da gurbinsu, har sinadarin folik asid da yake bukata ya ƙare masa. Daga Ibadan ya yi wani ɗan zama a birnin Perth na Ostareliya, sa'an nan a farkon shekarun 1970 ya komo Nijeriya, wannan karon Zariya, inda makarantar koyon likitanci da aka buɗe a 1967 take ƙuruciyarta. Zuwansa ya yi daidai da wani gagarumin aiki da aka soma a Jihar Kano.

Aikin Garki

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki. A wancan zamani Garki da Ringim da Jahun da Dutse duk gundumomi ne na masarautar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Garki tana arewa maso yamma da Jahun, in an ƙetare kogin Haɗeja. Ƙasa iri ɗaya ce, gero da dawa iri ɗaya, damina gajera da rani mai tsawo, jama'a kuma Hausawa da Fulani da 'yan tsirarun Barebari. Abin da aka gani a can, madubi ne ga duk tsakiyar Jigawa.

Tambayar da aka je amsawa ita ce: in aka haɗa feshin maganin sauro a ɗakuna da rarraba ƙwayoyin magani ga kowa da kowa, za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin? Aka zaɓi ƙauyuka 22, cikinsu har da Sugungum da Rafin Marke da Batakashi da Ajura, aka rubuta kowane mutum da sunansa, ana komowa duk bayan mako goma a ɗibi jininsa a yatsa. Ana rubuta haihuwa, ana rubuta mutuwa. Ma'aikata suna kwana suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum suna ƙirgawa. A ƙauyen da abin ya fi tsanani, an lissafa cewa mutum yakan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta sau 145 a shekara, 132 daga ciki a damina. Kafin a fara ba da magani, kusan jariri ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya kai shekara guda.

A 1972 da 1973 aka yi feshin da rabon maganin. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwar ba ta yanke ba, domin wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki inda aka fesa magani, waje yake fita. Da aka daina, ciwon ya komo. Molineaux da Gramiccia suka tattara sakamakon a littafin da Hukumar ta buga a 1980.

Ga masanin jini kuwa, wannan aiki dama ce da ba a samun irinta sau biyu. Ga jama'a an ƙirga, an san shekarunsu, an san yawan ƙwayoyin zazzaɓi a jinin kowa, an san wanda ya rayu da wanda ya rasu. Abin da ya rage kawai a san irin himogulobin na kowane ɗaya. Wannan shi ne aikin da Fleming ya ɗauka, tare da J. Storey da L. Molineaux da 'yan Nijeriya biyu, E. A. Iroko da E. D. Attai. A 1979 suka fara buga sakamakon a jerin maƙalu.

Abin Da Alƙaluma Suka Faɗa

Cikin jarirai sababbin haihuwa 534 da aka gwada, kashi 2.1 cikin ɗari SS ne, wato kimanin ɗaya cikin hamsin. Cikin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, adadin ya faɗo zuwa kashi 0.4. Cikin waɗanda suka fi haka girma ya ƙara raguwa, a cikin manya kuwa sai an tona kafin a sami ko ɗaya. Jini ba ya sauya iri, wanda aka haifa SS a haka zai zauna. Saboda haka ma'anar raguwar guda ɗaya ce: kimanin tara cikin goma na yaran nan ƙasa ta rufe su kafin su balaga, yawancinsu tun ba su kai shekara biyar ba.

Wannan ya warware wani ruɗani da ya daɗe. Akwai lokacin da wasu likitocin Turawa ke cewa ciwon bai cika yawa a Afirka ba, tun da ba su cika ganin manya masu shi ba. Garki ta nuna cewa rashin ganin nasu, shi ne ma shaidar tsananinsa.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta masu AS. Cikin jarirai kashi 24 ne, amma cikin waɗanda suka wuce shekara biyar kashi 29 ne. Su ma ba ƙaruwa suka yi ba, masu AA ne zazzaɓi ya fi ɗiba, sai kason masu AS ya hau. An kuma ga cewa a ƙananan yara, musamman daga wajen wata bakwai zuwa shekara guda da 'yan kai, ƙwayoyin zazzaɓi ba su cika yawa a jinin masu AS kamar na masu AA ba. Wato kariyar ta fi aiki daidai lokacin da garkuwar da jariri ya samo daga uwa ta ƙare, tasa kuma ba ta ƙosa ba.

Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa. In kashi 29 na manya AS ne, kuma ana aure ba tare da an san irin jinin juna ba, to auren da zai haɗa AS da AS shi ne 0.29 sau 0.29, wato kimanin kashi 8.4 na dukan aurarraki. A irin wannan aure, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Raba 8.4 gida huɗu, za ka sami 2.1, daidai da abin da aka tarar a jariran Garki. Da wuya lissafin takarda da ƙidayar ƙauye su yi dacen da ya fi wannan.

Ga amsar tambayar ke nan. Amosanin jini yana cire S daga al'umma ta hanyar mutuwar masu SS, zazzaɓi kuma yana cire A ta hanyar mutuwar masu AA, sai ma'aunin ya tsaya cik, zamani bayan zamani. Kariyar da yara ashirin da huɗu suka samu, yara biyu ne ke biyan kuɗinta da rayukansu.

Daƙiƙa Guda

A daidai shekarun da ake ɗibar jini a Garki, wasu masana a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka da ke Bethesda suna fama da wata tambayar. In himogulobin S yana sandarewa duk lokacin da ya sauke iska, ai kamata ya yi kowace ƙwaya ta toshe jijiya a zagayenta na farko. To yaya mai SS ke rayuwa ko da na yini ɗaya?

A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton suka gano cewa zarurrukan ba sa haɗuwa nan take. Akwai ɗan jinkiri, sa'an nan su haɗu gaba ɗaya. Ita kuwa jar ƙwaya, kimanin daƙiƙa guda take yi kafin ta ratsa 'yar siririyar jijiya. In jinkirin ya fi daƙiƙar nan tsawo, ta tsira, ta faɗa babbar jijiya ta koma huhu, sabuwar iska ta narkar da abin da ya fara haɗuwa. In jinkirin ya gaza, ta maƙale. Abin mamaki shi ne yadda kaurin himogulobin a cikin ƙwayar ke juya wannan jinkiri. In aka tsinka shi da kashi takwas cikin ɗari kacal, jinkirin yakan ninka kusan sau goma.

Wannan ya fassara abubuwan da iyaye mata suka daɗe da lura da su. Ƙishirwa da gudawa da zazzaɓi suna tayar da ciwon, domin suna ƙafar da ruwan jiki. Sanyi yana tayar da shi, domin yana tsuke jijiyoyi, tafiyar jini ta yi nawa. Mai AS yana zaune lafiya, domin fiye da rabin himogulobin nasa A ne, ya tsinka S ɗin. Jariri kuma ba ya ciwo sai ya kai wajen wata shida, domin da himogulobin na ɗan tayi ake haihuwarsa, wanda ake kira F, shi kuwa ba ya shiga cikin igiyar. Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ita ta fara lura da haka tun 1948. Masanan Bethesda sun auna daƙiƙa, Fleming ya ƙirga rayuka, sai an haɗa biyun ake ganin ciwon gaba ɗayansa.

Shekarun Zariya Da Bayansu

Fleming bai tsaya ga ƙidaya ba. Darasin da ya ɗauka shi ne, abin da ke kashe yaran nan yawanci abu ne da ake iya karewa: zazzaɓin cizon sauro, da cututtukan huhu da na jini, da faɗuwar jini farat ɗaya. Ya yi ta nanata cewa a gano yaro da wuri, a riƙa ba shi maganin rigakafin zazzaɓi da folik asid, a koya wa uwa ta yawaita ba shi ruwa, ta rufe shi lokacin sanyi, ta kuma garzaya asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. A 1982 ya shirya wani ɗan littafin jagora kan ciwon domin likitan da ke aiki a asibitin da ba shi da ƙwararren masanin jini.

Bai kuma manta da matan da ya fara aiki a kansu ba. Tare da Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata a Zariya, suka bi lafiyar Hausawa 200 masu cikin fari. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna cewa maganin rigakafin zazzaɓi ya rage matsanancin ƙarancin jini daga kashi 18 zuwa kashi 3. Sun kuma lura cewa 'yan mata masu ƙananan shekaru da aka ba ƙarin sinadarin ƙarfe da folik asid sun ci gaba da tsawo suna ɗauke da cikin, abin da ke rage haɗarin doguwar naƙuda. Duk wanda ya san yawan matan da ake kawowa Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke kula da haihuwa da yoyon fitsari tun 2008, ya san wannan bincike bai tsufa ba.

A tsakiyar shekarun 1980 ya koma Ndola ta Zambiya, daidai lokacin da cutar ƙanjamau ta kunno kai. Ya kasance cikin waɗanda suka yi ta gargaɗi kan haɗarin ƙarin jinin da ba a tantance ba, wanda ya fi shafar masu amosanin jini da mata masu haihuwa. Daga baya ya yi aiki a asibitin Baragwanath da ke Soweto a Afirka ta Kudu.

Inda Aka Kwana

Abin da Fleming ya yi ta faɗa ya tabbata a wasu wurare. A Jamaika an fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a 1973. A 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba yara fenisilin kullum yana rage mummunar cutar jini ƙwarai da gaske. A ƙasashen da suka ɗauki waɗannan matakai, fiye da tara cikin goma na yaran suna kai wa ga girma, wato an juya lissafin Garki a kan kansa.

Ilmin daƙiƙa guda shi ma ya haifi magani. A 1995 aka tabbatar da cewa haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, domin yana sa ɓargo ya koma ƙera himogulobin F, jinkirin ya ƙara tsawo. An gwada shi a nan gida. A wani bincike da aka buga a 2022, wanda Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci da Michael DeBaun da wasu suka yi da yara 220 a Kano da Kaduna, an ga cewa ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da wata hanyar gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy, wadda ita ma F take farkarwa, sai dai an sa mata kuɗi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, abin da ya fi ƙarfin manomin Jahun nesa ba kusa ba.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai 150,000 masu wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na irin jini.

Kammalawa

Mutanen Sugungum da Rafin Marke sun miƙa yatsunsu shekara da shekaru, duniya ta ƙaru da jininsu, har yau kuma masana na kawo alƙalumansu in ana maganar mutuwar yara masu amosanin jini a Afirka. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, tarihin nan kuwa ya nuna rigakafin iri biyu ne. Na farko kafin aure: saurayi da budurwa su san irin jininsu tun magana ba ta yi nisa ba, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, domin a lokacin ne shawara ke da sauƙi. Kada kuma a mai da AS abin gori, tun da mun ga gadon nan shi ya tsirar da kakanninmu daga zazzaɓi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a kowane aji na wannan jami'a yana ɗauke da shi. Na biyu bayan haihuwa: yaron da aka gano da wuri, aka sa shi a gidan sauro, aka yi masa allurai, aka ba shi magungunan nan masu araha, yana da kyakkyawan zaton ya girma ya yi karatu ya riƙe gida.

Fleming da abokan aikinsa sun gwada jarirai 534 a lokacin da ƙasar nan tamu ba ta da jami'a ko ɗaya tsakanin Kano da Maiduguri. Yanzu akwai jami'a a Dutse, akwai a Kafin Hausa, akwai ɗalibai masu karatun likitanci da kimiyya 'yan asalin waɗannan ƙauyuka. Su ya kamata su koma su sake ƙidayar, a ga cikin yara hamsin-hamsin da ake haifa a ƙasar Jahun, shin ɗayan nan yana kai wa ga shiga makaranta ko kuwa har yanzu lissafin 1979 ne ke aiki.